KITSO DA ƘWARƘWATA: HAƘƘIN FATAR KAI A ƘARƘASHIN HULAR GASHI



Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, tambayoyi sun yawaita daga mata a kan hular gashi, wadda ake ce wa wig, da ƙarin gashin da muke kira gashin doki. Yawancinsu a kan hukunci ne, ya halatta ko bai halatta ba. Amma akwai wani kaso da ya bambanta. Mace ce za ta ce tana sa hular, kanta yana ƙaiƙayi, fatar ta bushe tana zubar da gari, gashin gaban goshi yana ta ja da baya, yaya za ta yi? Irin wannan tambaya idan ta zo gaban almajiri sai ya ji nauyi. In ya ce mata ga yadda za ki wanke, ga man da za ki shafa, wani zai ce ya taimaka mata a kan saɓo. In ya karanta mata hadisin tsinuwa ya ja bakinsa ya yi shiru, ta tafi da ciwonta, wataƙila ma da alwalar da ba ta inganta ba. To wanne ne daidai? A kan wannan nake so mu tsaya yau.

Mu fara da hukunci don kada wani ya ce an kauce masa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, cewa wata mata ta zo wa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta kama ta gashinta ya zube, tana neman izini ta ƙara mata gashi. Bai ba ta izini ba, ya kuma sanar da tsinuwa a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Haka nan Mu'awiya ɗan Abu Sufyan, a shekarar da ya yi Hajji, ya hau mumbari a Madina, ya karɓi wani curin gashi daga hannun dogarinsa ya ɗaga, yana tambayar mutanen garin ina malamansu suke har wannan abu ya yaɗu. Don haka mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin ƙari da gashin ɗan Adam. A kan abin da ba gashin mutum ba ne suka saɓa. Malikiyya sun tsananta ko da ulu ne aka haɗa don ya yi kama da gashi, Hanafiyya sun sassauta, Shafi'iyya sun ba matar aure dama idan abin mai tsarki ne kuma mijinta ya yarda.

Ita hular da ake ɗorawa a cire, malaman zamani sun yi magana a kanta. Shaikh Bin Baz ya sa ta cikin hanin gaba ɗaya. Shaikh Ibn Usaimin ya rarrabe: mai gashi da ke neman ƙarin ado ba a ba ta dama ba, amma wadda ba ta da gashi sam, ta sa don rufe aibi, babu laifi. Ana kafa hujja a irin wannan da Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza.

Akwai kuma abin da mai sayen gashin mutum ya kamata ta sani. Kaso mai yawa na gashin da ke yawo a kasuwannin duniya daga Indiya yake fitowa, kuma daga cikinsa akwai wanda masu bauta ke askewa a wurin ibadarsu na Tirupati don cika bakance ga abin bautarsu, hukumar wurin ta yi gwanjonsa. A shekarar 2004 manyan malaman Yahudawa a Isra'ila sun hana matansu sa hular da aka yi da wannan gashi, har aka riƙa ƙona su a titi. Idan Bayahude ya tsaya ya binciki asalin abin da matarsa ke ɗorawa a ka, ai Musulma ta fi cancantar ta tambaya.

Abin da nake gani, kuma nake faɗa wa duk wadda ta tambaye ni: mai lafiyayyen gashi ta bar hular, babu alheri gare ta a ciki. Wadda rashin lafiya ta raba da gashinta, idan ta sa ta roba a gaban mijinta ko 'yan uwanta mata, akwai malaman da suka ba ta sarari, ba zan ƙuntata mata abin da suka yalwata ba. Kuma a kowane hali hular gashi ba ta zama madadin ɗankwali da mayafi a gaban wanda ba muharrami ba.

To mu dawo kan tambayarmu. Mai cewa kada a koya mata kula da kanta yana da hujjar da ba a raina ta. Zai ce aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Zai ƙara da cewa wataƙila wannan ƙaiƙayin ne zai sa ta gaji ta cire, kai kuma ka zo ka sauƙaƙa mata zama a kan laifi. Na fahimci kishinsa, amma ban yarda da shi ba, saboda dalilai huɗu.

Na farko, ba ka san wadda ke tambaya ba. A cikin masu sa hular nan akwai wadda ke shan maganin ciwon daji gashinta ya zube tas cikin 'yan makonni. Akwai wadda wuta ta ƙona wa kai tun tana yarinya. Akwai mai cutar da garkuwar jiki ke afka wa tushen gashi, ta wayi gari da fili kamar kwabo a tsakiyar kai. Akwai wadda ta musulunta bara, ta taso a gidan da kowa ke sawa. Idan ka ɗauki hadisin tsinuwa ka jefi kowacce da shi, ka zalunci wasu.

Na biyu, haƙƙin jiki ba ya faɗuwa don mai jikin ya yi laifi. Annabi (SAW) ya sanar da Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, a lokacin da ibada ce ma take cinye jikin. Jiki amana ne, kuma amana tana nan a wuyan mai biyayya da mai saɓo. Mai shan sigari idan ya je asibiti da tari, babu malamin da zai ce likita ya kore shi don kada ya taimaka masa. Zai ba shi magani, ya kuma ce masa ya daina.

Na uku, ku dubi shawarar kanta me ta ƙunsa. Duk likitan fata na gaskiya abin da zai ce mata shi ne ta riƙa cirewa, ta bar gam, ta sassauta kitso, ta bar ruwa ya taɓa fata, ta ba kai hutu. Wannan ai shi ne hanyar da shari'a ke so ta bi. Wanda ya koya mata yadda ake manna hular ta yi wata guda ba ta motsa ba, shi ne ya taimaka a kan ɓarna. Wanda ya koya mata cirewa da wankewa kuwa, kusantar da ita ya yi.

Na huɗu, ba a ba mu izinin yin wa'azi da azabar mutane ba. An sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda shan giya ana yi masa haddi, sai wani cikin jama'a ya tsine masa. Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar makamanciyarta ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwansu. Daga nan malamai suka bambance tsinuwa a kan siffar aiki da tsine wa wani mutum ayyananne. Baiwar Allah da ta zo da tambaya ta riga ta tako rabin hanya. In ka kore ta, masu tallar gam da mayukan bogi a waya suna nan suna jiranta da fara'a.

Kada kuma wani ya ɗauka maganar fatar kai ƙaramar magana ce da ba ta dace da shafin wa'azi ba. A shekara ta 6 bayan hijira, a Hudaibiyya, sahabbai suna cikin harami da niyyar Umara, kuma kowa ya san mai harami ba ya aski. Manzon Allah (SAW) ya wuce ta wajen Ka'abu ɗan Ujra yana hura wuta a ƙarƙashin tukunya, ƙwarƙwata na zubowa daga kansa zuwa fuska. Ya tambaye shi ko ƙwarin nan suna cutar da shi, ya ce e. Sai ya umarce shi ya aske, ya yi fansa da azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka. A kansa ne hukuncin fansa da ke aya ta 196 ta Suratul Baƙara ya sauka. Ku duba fa, ƙaiƙayin kan mutum ɗaya, wahayi ya sauka a kansa. Shi kansa Annabi (SAW) yana shafa mai a ka, Nana A'isha tana taje masa gashi har yana cikin i'itikafi, kuma Abu Dawud ya ruwaito umarninsa ga mai gashi da ya girmama gashinsa. A lokaci guda ya hana a mai da gyaran gashi aikin kullum da ba a da wani sai shi. Tsaka-tsaki ke nan.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda muka juya mizani. Za ka ga an sayi hula da kuɗin da zai ciyar da gida, a wanke ta, a taje ta, a fesa mata turare, a ajiye ta a kan mazauninta don kada ta lanƙwashe. Amma kan da Allah ya ba wa mai ita, yana ƙasa cikin kitson da ya yi wata biyu ba a tsefe ba, ga gumi ga ƙura ga mai a kan mai. Abin da aka saya da kuɗi ya samu gata don ido yana ganinsa, amanar da za a tambaye mu ta zama marainiya don tana ɓoye. Hausawa suka ce kitso da ƙwarƙwata. Kuma wannan cuta ba ta tsaya a kan mata ba. Ita ce dai ke sa mutum ya tsawaita sallah a sahun gaba ya yi ƙoton kurciya a ɗakinsa, ita ce ke sa falo ya sha gyara banɗaki ya gagari shiga. Mai son ya auna ikhlasinsa, ya dubi yadda yake yi da abin da babu mai gani sai Allah.

Yanzu mu fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin hular. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kowane ɗaya da tushensa a cikin fata, yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, kuma zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Fatar tana fitar da gumi da maiƙo nata na halitta. Gashinmu na baƙar fata a nannaɗe yake, shi ya sa maiƙon ba ya saurin gangarowa zuwa bakin gashi, sai ka ga gashi a bushe alhali fatar tana da maiƙo. To a ɗora wa wannan fata kitso mai tsauri, a ɗora raga, a ɗora hula, a manne da gam, a ɗora ɗankwali, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40. Gumi ba shi da mafita, ƙwayoyin cuta sun samu ɗumi da danshi, sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari.

Mafi muni shi ne zubewar gashi saboda ja. Kitso mai tsauri da ƙarfunan maƙalawa da gam suna jan gashin gaban goshi da na gefen kunne kullum. Da farko in an daina yana dawowa. In aka daɗe, tushen ya mutu ya zama tabo, babu man da zai sake tsirar da shi. Wani bincike da likitocin fata suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2007, ya samu kusan mace ɗaya cikin uku da irin wannan zubewar. Ga kuma tarkon da ke ciki: gashi ya ja baya, sai a sauko da hula a ƙara gam don a rufe, gam ya ƙara cinye abin da ya rage, har wadda ta fara sawa don ado ta koma ba ta iya zama gaban mijinta sai da ita. Garin neman gira an rasa ido.

Sai babbar magana, tsarki. Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta tsefe kitsonta a wankan janaba, ya ce ya ishe ta ta zuba ruwa a ka sau uku. Sauƙi ne ga mai kitso, amma bisa sharaɗin ruwa ya shiga. A wankan haila kuwa ya koya wa wata sahabiya ta yi amfani da ruwa da ganyen magarya, ta cuɗa kanta sosai har ruwa ya kai tushen gashi. Duka biyun suna cikin Sahihu Muslim. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, cuɗawa farilla ce a wanka, shafar kai gaba ɗayansa farilla ce a alwala, kuma ba a shafa a kan abin da ya rufe kai sai in cire shi zai cutar. Cire hular ado ba ya cutar da kowa.

Ga wani abu da da yawa ba su lura da shi ba. Gam ɗin da ake manna gaban hular da shi, a kan fatar goshi ake shafa shi, ƙasa da matsirar gashi. Iyakar fuska a alwala kuwa daga matsirar gashi ta al'ada take farawa. Ke nan an toshe wani yanki na fuska da abin da aka yi shi musamman don kada ruwa ya ratsa. A nan babu mazhabar da za a fake da ita, domin wanke fuska nassin Alƙur'ani ne. Na san akwai masu cewa sai suna fashin sallah suke mannawa. To ranar da tsarki ya zo fa? Nawa ne suka jinkirta wanka kwana biyu don kada kuɗin gyara ya tafi a banza? Amare nawa ne suka buɗe rayuwar aure da barin sallolin yinin biki saboda kai da kwalliya? Wadda ta san ta yi sallah a irin wannan hali, ta tuba, ta samu malamin da ta amince da shi ta faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla, ya gaya mata abin da ke kanta.

To 'yar uwa, ko larura ce ta sa ki, ko kina kan hanyar bari, ga haƙƙin fatar kanki.

Ki riƙa cirewa kullum. Da kin shigo gida ki sauke, kada ki kwana da ita. Ki rabu da gam kwata-kwata, domin ban da maganar alwala, sinadaransa suna sa wa wasu borin fata, ta yi ja ta kumbura ta yi ruwa. In akwai shi a kanki yanzu kada ki fizge, ki jiƙa shi da maganin cire shi ko da mai, ki jira ya saki, ki ɗaga a hankali. Mai ɗauri da roba ta fi sauƙi, ita ma kada ta matse, kuma kada ƙarfen maƙalawa ya riƙa cizon wuri ɗaya kullum.

Kitson da ke ƙasa ya zama sassauƙa. Kitson da ya sa ki ciwon kai, ko ya hana ki kwanciya, ko ya fito miki da ƙananan ƙuraje a gaban goshi, ya yi tsauri, a warware shi a ranar. Ki ce wa makitsiya ta bar ƙananan gashin gaba, kada ta kamo su. Kada kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 ko a mafi tsawo, a ƙasarmu mai zafi ma gara a tsefe tun kafin haka. In kin tsefe ki bar kai ya huta 'yan kwanaki, ki kuma sauya salon tsaga.

Ki wanke fatar kai sau ɗaya a mako, in ya yi nisa sau ɗaya a mako biyu, da bazara kuma ki ƙara. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, da tafin yatsu, ban da farce. Ganyen magarya da ƙarkashi da iyayenmu suka sani suna wankewa ba tare da sun busar da kai ba, haka ma shamfu mai sauƙi. Ki nisanci sabulun wankin kaya. Ki ɗauraye sosai, sannan ki bari ya bushe ƙarau kafin ki rufe shi da komai. Rufe jiƙaƙƙen kai shi ne uwar wari da ƙaiƙayi.

Maganar laima kuma, a nan aka fi kuskure. Ruwa ne ke jiƙa fata da gashi, aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya tsere. Wadda ta lafta mai a busasshen kai mai datti, ta rufe datti ne kawai. Ki fara da ruwa, ko bayan wanka ko ki ɗan yayyafa, sannan ki ɗebi man kaɗe ko man kwakwa kaɗan, ki murza a tafin hannu, ki bi jikin gashi da shi har bakinsa. Fatar kuwa ɗan abin da ya taɓa kan yatsa ya ishe ta, ki bi tsaga-tsaga kina murzawa a hankali. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da leɓe da diddige, za ki buƙaci haka sau biyu ko uku a mako. Da zafi ki rage. Mai mai kauri irin basilin in ya yi yawa a ƙarƙashin hula, ƙura yake tarawa ya jawo ƙuraje.

Ki kuma koyi bambance abu uku da suke kama da juna. Bushewar fata tana zubar da ɗan farin gari mai laushi, fatar tana ɗaurewa, kuma mai yana kwantar da ita. Amosanin kai kuwa ɓawonsa ya fi girma, yana da maiƙo, wani lokaci da ɗan rawaya. Wata ƙwayar halitta ce dangin yis ke da hannu a cikinsa, kuma maiƙo ne abincinta, shi ya sa wasu ke ta zuba man zaitun abin yana ƙaruwa. Maganinsa shamfu mai sinadarin ketoconazole ko makamancinsa, a bar shi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye. Na uku makero, wanda ke cinye gashi ya bar fili mai ɓawo. Shi shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi a kai, sai maganin sha daga likita, kuma yana yaɗuwa ta mataji da hula da ɗankwali. Don haka masu aron hular biki da masu hayarta su ji tsoron Allah, makero da ƙwarƙwata a nan suke sauya gida. Ki riƙa wanke ragar da ke ƙasa kamar yadda kike wanke kayan ciki, hular ma a wanke ta ta bushe.

In kin ga ruwa ko mugunya, ko fili mai santsi yana faɗaɗa, ko tsakiyar kai yana raɗaɗi gashinsa yana raguwa, ki je wurin likitan fata da wuri. Kada ki ɓata watanni a kan haɗe-haɗen da ake talla a waya da ba a san abin da ke ciki ba. Mai jego kuma ta kwantar da hankali, zubar gashi wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa abu ne sananne, galibi yana dawowa da kansa, sai dai a duba ko akwai ƙarancin jini.

Duk abin nan da na lissafa, ya shafi mai hijabin da ba ta taɓa sa hular gashi ba. Kai a rufe yake yini guda, ga ɗankwali ga hijabi, wata har da ɗaure gashi tamau a ƙeya. Rufe kai ibada ne, barinsa da datti ba ya cikin ibadar. Mu ma maza masu hula da rawani mu duba cikin hulunanmu, wata in an kife ta maiƙon da ke bakinta ya isa shaida.

Magidanta, ku ma da naku kason. Mutum ya yini yana kallon matan waya da na fim masu gashi har gadon baya, ya dawo gida yana yi wa matarsa gori a kan gashinta, gobe kuma ya fi kowa ɗaga murya a kan gashin doki. Wa ya tura ta? Alƙur'ani a Suratur Rum ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, kuma wannan nannaɗaɗɗen gashin namu yana cikin wannan halitta, ba kuskure aka yi ba. Ka yaba wa matarka abin da Allah ya ba ta, ka ba ta kuɗin kitso da na mai ba tare da ta roƙa ba. Wanda kuma aka jarrabi matarsa da ciwon da ya zubar mata da gashi, ya sani kallon da zai yi mata ranar da ta fara buɗe kai a gabansa, ba za ta manta da shi ba har ta mutu.

Iyaye mata, ku tausaya wa yara. Kitson sallah da ake danne yarinya tana kuka, har girarta ta ɗaga, daga nan zubewar gashin gaba take farawa. In ta girma babu gashin goshi ta nemi hula, da wa za a yi kuka?

Ke kuma da ke jinya, Allah ya sa kaffara ne. Fatar kanki a wannan lokaci tana da taushi, ki wanke ta da sabulu marar ƙamshi, ki shafa mai mai sauƙi, ki sa hular auduga mai laushi a ƙasan duk abin da za ki ɗora, ki kare ta daga rana. Galibi gashi yana dawowa bayan an gama shan maganin. Alwalarki kuma babu wata wahala a cikinta, ki shafi fatar kanki kamar yadda mai gashi ke shafar gashinsa. Darajarki a wurin Allah ba ta zube tare da gashin ba.

Don haka ɗalibai 'yan uwana, in irin wannan tambaya ta zo muku, ku ba da amsa cikakkiya. Ku fara da jin halin mai tambaya, ku faɗi hukunci ba tare da rage komai ba, ku gyara mata alwala da wanka, sannan ku nuna mata yadda za ta sauke haƙƙin fatar kanta, abin da ya fi ƙarfinku ku tura ta asibiti. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Allah ya tsarkake mana zahirinmu da baɗininmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shiryi matanmu da 'ya'yanmu, ya sa abin da muke ɓoyewa ya fi abin da muke bayyanawa kyau. Wallahu a'alam.